Waƙar da Malam Ya Ji Daga Zaure

Jan biron Dakta Abdussamad ya ƙare a shafin farko na babi na huɗu. Ya kaɗa shi, ya hura masa iska, ya goga bakinsa a tafin hannu, amma ko ɗigo bai fito ba. Ya wurgar da shi kan tabarma, ya miƙe, ya sake zama. A bayan ɗaki tumakin matarsa sai kuka suke yi kamar an aiko su.

"Nana! Don Allah a ba dabbobin nan wani abu su yi mana shiru."

"Sun ci tun ɗazu, Baban Amatullah," in ji Nana Khadija daga kicin. "Kai ne dai ba ka ci ba. Ga kokonka can ya yi sanyi."

Bai ko kalli kokon ba. Kundin da ke gabansa na Phoebe Yunis ne, ɗalibarsa ta digiri na biyu, kuma ranar Litinin da safe za a rufe karɓar kundaye a jami'ar da yake koyarwa. Yau Asabar. An riga an ƙara mata wa'adi har iyakar abin da doka ta yarda. In bai sa hannu ba, za a soke sunanta, shekarun da ta yi tana zirga-zirga tsakanin Kafur da aji su tafi a banza. In kuwa ya sa hannu a kan wannan abin da yake karantawa, farfesar da za ta zo daga waje ta jarraba ta za ta kayar da ita tun kafin ta gama gaisuwa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Phoebe ba daƙiƙiya ba ce. Tun da aka buɗe ɗan ƙaramin sashensu na adabin Sin, wanda har yau mutanen Funtua ba su gane me ake yi a cikinsa ba, bai taɓa samun ɗaliba kamarta ba. Malamar sakandare ce. Ta fara tsintar Sinanci ne lokacin da ta yi wa wasu 'yan kwangilar hanya tafinta, daga baya ta zauna ta koye shi da gaske, har ta kai tana karanta tsofaffin waƙoƙin da shi kansa sai ya buɗe ƙamus. Babi uku na farko, da ya karanta su, har tashi ya yi ya zaga tsakar gida don daɗi. Sai ga babi na huɗu, inda ake jiran ɗalibi ya faɗi abin da ya gano da kansa, ya zo siriri kamar majinyaci. Damina guda ta yi tana bin mata gida-gida tana ɗaukar waƙoƙin daka a waya. Ina waƙoƙin? Babu ko ɗaya sai waɗanda shi ya riga ya buga a maƙalarsa. Kowane sakin layi kuma da irin wannan yake farawa: "Kamar yadda babban malaminmu, Dakta Abdussamad, ya tabbatar." Da Turanci aka rubuta kundin, amma durƙuson da ke ciki na Hausa ne.

Shi ne fa mai koyar da dabarun bincike da rubuta kundi. Duk shekara, ranar farko, sai ya buga tebur ya ce wa ɗalibai, "Bincike ba gaisuwa ba ne. Duk wanda kuka samu ya yi kuskure, ku faɗa, ko da wa ya haife shi, muddin kuna da hujja." Su kuma su sunkuya su rubuta, su ɗago su ce, "Haka ne, Malam."

Ya sake kiran wayarta. Ta yi ta ringi har ta katse. Tun jiya haka take yi.

"Zan je Kafur," ya ce, yana neman hularsa.

Nana Khadija ta leƙo da ludayi a hannu. "Da wace motar? Taka ba tana wurin makaniki ba?"

"Motar haya ba ta ƙare a duniya ba."

"To, ka dai dawo da sauran rana. Ka san hanyar nan."

A tasha ya tsaya wurin mai tireda ya sayi sabon jan biro, ya gwada shi a bayan hannunsa har sau biyu kafin ya yarda. Motar Malumfashi saura mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan ya ƙi zuwa. Dakta ya shiga, ya fito, ya kalli agogo, ya sake shiga. Da ya ga ɗan kamasho ya zauna yana shan rake hankali kwance, sai ya ce a tashi kawai, ya sayi kujerar.

Kaka ta yi. Tun daga fitar gari manyan motoci ke tafiya a hankali da buhunan masara, ba su matsa ba, ba su bari a wuce ba. Ya buɗe kundin a cinya don ya ɗauke hankalinsa daga kan hanya. Wani dattijo da ke gefensa ya leƙa, ya ga rubutun Sinanci a tsakiyar shafi, nan da nan ya zaro wata robar maganin feshi daga buhunsa.

"Malam, ashe kana jin Caina? Don Allah duba min, murfi nawa ake zubawa?"

Dakta ya karɓa ya karanta masa. Ya saba. Shekarun da ya yi a ƙasar Sin yana fama da sanyi da waƙoƙin da suka girmi kakannin kakanninsa, a majalisar unguwarsu amfaninsu ɗaya ne: karanta takardar injin ban ruwa da ta maganin ƙwari.

Maƙalar da Phoebe ke ta durƙusa wa ita ce abin alfaharinsa. A tsofaffin waƙoƙin Sinawa akwai wasu masu yawa da ke magana da bakin matan da aka kwashe mazajensu zuwa gadin iyaka. In kaka ta yi, matan kan shimfiɗa yadi a kan dutse su yi ta bugu, don su ɗinka wa mazajen rigunan sanyi. Ƙarar bugun nan ta cika waƙoƙin, da kuka, da jira. Da ya dawo gida sai ya ji irin wannan ƙarar a tabarya da turmi. Ya bi ƙauyukan Bakori da Dayi da rikoda, ya tara waƙoƙin dakan matan da mazajensu suka tafi ci-rani, ya ɗora su kusa da na Sinawa, ya yanke hukunci cewa daga Sin har Katsina, macen da mijinta ya yi nisa harshe ɗaya gare ta, shi ne kewa. An yaba, an buga a mujallar waje. A shafin farko ya rubuta cewa ya sadaukar da ita ga Nana Khadija, wadda ta jira. Yanzu haka ita ce a saman takardun da ya miƙa na neman ƙarin girma.

A Malumfashi ya hau acaba. Ɗan acaban ya san makarantar da Phoebe ke koyarwa, amma bai san gidan ba, sai da suka tsaya suka yi tambaya a bakin wata coci mai jan rufi, aka nuna musu wata 'yar hanya da ta ratsa gonakin waken soya. Rana ta take lokacin da ya sauka. Babbar rigarsa duk ta kwashi ƙaiƙayi.

A ƙofar gidan wata tsohuwa na zaune a kan buhu tana ɓarar masara. Ya yi sallama, ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne.

"Af! Kai ne malamin Caina? Sannu da rana, ɗan nan. Ni ce uwar mijinta, Tsohuwa ake ce mini tun ina da haƙora. Tana ciki suna daka, shiga."

"A'a, Baba, a dai yi min sallama da ita. Zan jira a nan."

"Jira mi? Mu nan ba mu tsai da baƙo a ƙofa. Shiga abinka, ba kowa sai mu."

Ya tsaya yana gyara hula. Tun da ya balaga bai taɓa wuce zauren wani magidanci a ƙauye ba. Ƙafarsa ma ba ta san yadda ake yi ba. Amma tsohuwar ta riga ta koma kan masararta, ga shi kuma lokaci na tafiya, sai ya sunkuyar da kai ya shiga yana ta sallama a hankali, ba wanda ya ji shi.

Ƙarar tabarya ce ta danne muryarsa. A bayan rumbu mata biyu ke daka a turmi ɗaya, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta sauke. Wadda ta ba shi baya, ɗaure da zani a kan tsohuwar rigar makaranta, Phoebe ce, kuma ita ke ba da waƙa, ƙanwar mijinta na amsawa.

"Ya tafi Kurmi, ya bar ni da turmi,
Ido na kan hanya, tuwo na hucewa."

Dakta ya yi murmushi duk da fushin da ya zo da shi. Waƙarsa ce. Da ita ya buɗe maƙalarsa, ya fassara ta da Turanci, ya fassara ta da Sinanci, ya karanta ta a gaban taro a birane biyu har wata baturiya ta share hawaye. A nan take ƙarewa. Ya buɗe baki zai sake sallama, sai ya ji waƙar ba ta tsaya ba.

"Tuwon ya huce, na ci da man shanu,
Na sai da wake, na ɗaure tunkiya,
In ka ga dama ka ƙara damina,
Tabarma ta yi faɗi, na miƙe ƙafa."

Matan suka kwashe da dariya ba tare da tabarya ta ɓata ƙa'ida ba. Ƙanwar mijin ce ta fara ganinsa. Ta tsaya cak da tabarya a sama. Phoebe ta juyo, ta ga malaminta tsaye a tsakar gidansu da kundinta a hammata, sai tabaryar ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

"Malam!"

Ta durƙusa a inda take. Shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kafa shi a kan rumbu.

An shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, an kawo ruwa da kunun zaƙi. Bai taɓa ko ɗaya ba. Phoebe ta sako mayafi ta zauna a can gefe, a ƙasa, kanta a sunkuye.

"Me ya hana ki ɗaukar wayata?"

"Kunya, Malam."

"Baitocin nan da na ji yanzu, ke kika ƙara su?"

"A'a, Malam. Haka waƙar take. Haka na ji ta wurin kakata."

"A gidan nan kawai?"

Ta hau jan zaren mayafinta. Sai da ya sake tambaya da ƙarfi sannan ta ce, "Ko'ina, Malam. Gidajen Kirista da na Musulmi. Har gidajen da ka je a Dayi na koma, na shiga ciki. Kusan duk waƙoƙin da ka kawo suna da ci gaba. Wasu ma ba zan iya maimaita maka su ba."

Ya tuna yadda ya tara waƙoƙin. A zaure yake zama, a kan buzu, ya ba maigida rikoda, maigida ya shiga ya tsaya a kan matansa ya ce, ga baƙo daga jami'a, ku yi masa waƙar daka. Su yi, maigida ya fito da rikoda yana murmushi. Wace mace ce za ta rera faɗin tabarma mijinta na tsaye a kanta? A maƙalar ya kira wannan hanya mutunta al'ada, har ya ba ɗalibai shawarar su yi koyi da ita.

"To, su kuma na Sinawan?" ya ce.

A nan ne ta ɗago kai, don in aka zo kan karatu takan manta da tsoro. "Shi ne na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya, Malam, waɗanda ka kafa hujja da su. Ban samu ko guda da mace ta rubuta ba. Duk maza ne, ma'aikatan hukuma da matafiya. Su da kansu suna faɗa a cikin waƙar: daga masauki suka jiyo bugun, ko daga kan doki, ko daga bayan katanga. Sun ji ƙara, suka sa mata kalmomi. Ba mu san abin da matan ke rerawa a kan dutsen ba." Ta dube shi. "Su ma a zaure suke, Malam."

Ya miƙe tsaye. Ya taka zuwa bakin rijiya, ya dawo, ya sake komawa. Haushi ya ji, ba zai ɓoye wa kansa ba, haushi mai zafi irin na wanda aka kwance wa zani a kasuwa. A ƙarƙashin haushin kuma akwai wani abu da ya fi shi ciwo: hassada. Wannan tunanin ya fi duk abin da ya taɓa rubutawa, kuma ba shi ya yi shi ba.

"Kin gano wannan, sannan kika kawo min wancan shirmen? Kin san farfesar da za ta zo kuwa? Kin san abin da za ta yi da babin da ba kome cikinsa sai kirarin mai duba aiki?"

"Na ce ko da ƙyar ne in tsallake."

"Ba za ki tsallake ba! Ni kaina da ni ne na waje, da na kayar da ke."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Malam, kai ka tsaya min aka ɗauke ni lokacin da aka ce takarduna ba na fannin ba ne. Kai ka ba ni ƙamus ɗinka. Yau in tashi in rubuta sunanka tsirara, ba Malam ba Dakta, in ce ka yi kuskure, a ajiye a laburare kowa ya karanta? Wane ido zan kalle ka da shi? Kuma an gaya min takardunka na ƙarin girma suna hannun mutanen waje, wai har da ita farfesar. In ta karanta nawa, sannan ta ɗauki naka fa?"

Ashe ta san wannan ma. Ba a ɓoye kome a jami'a.

"Kin rubuta shi, ko a kai kawai yake?"

"Na rubuta. Har na buga shi a wani shago a Malumfashi. Da na zo tasha zan ba direba ya kai maka, sai na kasa. Na koma shagon na buga wancan." Ta matso kaɗan, ta rage murya. "Malam, ka bar shi haka. Ka ɗan gyara min wancan ɗin ya yi kauri. In ƙarin girmanka ya fito, sai in fitar da wannan a hankali, ba wanda zai ji ciwo."

Wallahi maganar ta shige shi. Ya tsaya yana kallon kaji suna tsattsagar dusa a gindin turmi, yana lissafin yadda za a yi. Zai iya. Daren yau da yinin gobe sun ishe shi ya cusa wa babin nazariyya da manazarta har ya yi nauyi a hannu. Wataƙila farfesar ta yi jinƙai. Wataƙila. Ya ga kansa a majalisa ana ce masa Farfesa, ya ga ofis mai labule. Sannan ya ga kansa ranar farkon zango mai zuwa, ya ɗaga hannu zai buga tebur a gaban sababbin ɗalibai. Hannun ya ƙi sauka, ko a cikin tunani.

"Ɗauko min shi," ya ce.

Ya karanta a zaune, ya karanta a tsaye, ya karanta yana zagaya mangwaro. Inuwa ta matsa, aka ja masa tabarma bai sani ba. Da la'asar ta yi, Tsohuwa ta sa aka kawo masa buta da sabuwar tabarma, ta nuna masa gabas da sandarta. Ya idar ya koma kan takardun. Babin ya tsaru, waƙa na bin waƙa, hujja na bin hujja. Wuri ɗaya ne kawai ta yi ta kewaye-kewaye, wurin da dole ta ambace shi. Ta rubuta: "Mai girma malamina, Dakta Abdussamad, wanda ba a kai shi sanin wannan fanni ba, wataƙila saboda yawan ayyuka bai samu sukunin jin sauran baitocin ba, ko da yake ba mamaki yana da hikimar da ɗaliba irina ba ta hango ba."

Ya zare murfin sabon biron. Ya soke "mai girma malamina". Ya soke "Dakta". Ya soke yawan ayyuka da hikimar da ba a hango ba. Ya bar sunansa shi kaɗai a tsakiyar jan layi, ya rubuta shekarar maƙalar a gefensa, sannan ya ƙara da manyan baƙaƙe: "ya yi kuskure." Ya miƙa mata.

"Karanta da ƙarfi. Ranar kare kundi ina zaune a wurin, kuma a gabana za ki faɗe shi."

Ta riƙe takardar da hannu biyu. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito.

Tsohuwa, wadda ta dawo da ɓarar masararta cikin gida don kada labari ya wuce ta, ta ce, "Ke ɗiyar nan, in ba ki iya faɗi, ki rera mana. Ɗazu ai bakinki bai mutu ba."

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Phoebe ta daɗe tana kallon jan rubutun. Sannan ta ajiye takardar a kan tabarma, ta tura ta gabansa.

"A'a, Malam."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Ba zan rubuta haka ba, don ba haka ba ne." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Luke, maigidana, soja ne, yana Borno. In waya ta yi ƙara da sassafe, sai na yi addu'a kafin in duba. Idona na kan hanya, Malam, wannan baitin ba ƙarya ba ne. Kuma na sayi tunkiyar, ga ta can ɗaure. In muka tsaya a na farkon, ba za mu iya ɗaga tabarya gobe ba, shi ya sa muke ƙarasawa. Ba kuskure ka yi ba. Rabi ka ji, ka ce shi ne duka. In na rubuta kuskure, ni ma na yar da rabi."

Dakta ya kalle ta. Tun ranar da ta fara zama a ajinsa, yau ne ya fara jin kalmar a'a daga bakinta. Ya miƙa mata biron.

"Gyara da hannunki."

Ta soke nasa jan rubutun da nasa jan biron. Ta rubuta a sama, sannan ta karanta, a hankali amma kowa ya ji: "Abdussamad ya ji rabin waƙar daga zaure, ya ɗauka ita ce duka."

Sunan ya fito daga bakinta ba Malam ba Dakta, kuma rufin gidan bai faɗo ba. Ya jawo shafin amincewa daga cikin kundin, ya ɗora a gwiwa ya sa hannu. Ya gaya mata ta cire wancan babin ta sa wannan, ta buga gobe bayan ta taso daga coci, ta same shi a ofis Litinin tun kafin masu shara su gama. Sai a lokacin ya ɗauki kunun ya shanye, duk da ya tsinke.

A hanyar dawowa bai buɗe kome ba. Ya yi ta ƙoƙarin tuna ko akwai wata maƙalar da zai iya ɗorawa a saman takardunsa, ya ga babu, ya bar zancen. Direba na gudu don kada magariba ta same su a daji, shi kuwa ƙafarsa sai kaɗawa take yi. Baitocin nan huɗu sun maƙale masa a kai, suna bin ƙarar taya.

Ana kiran salla ya shiga gida. Nana Khadija na bayan ɗaki tana zuba wa tumakinta harawa. Ya tsaya daga nesa yana kallonsu, garke guda, manya da ƙanana. Da zai tafi ƙasar Sin ko kaza ba su da ita. Da ya dawo ya tarar da su, bai taɓa tambaya ba.

"Ka samu ɗalibar taka?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Na same ta." Ya matso kusa da ita. "Nana, waƙar nan ta maƙalata. Ya tafi Kurmi, ya bar ni da turmi."

"Wadda ka rubuta sunana a kai."

"Ita. Kin san tana da ci gaba?"

Ta juyo da ragowar harawa a hannu, ta kalle shi sama da ƙasa, sai dariya ta kama ta har ta dafa bango.

"Baban Amatullah, waccan mai baƙin kunnen, jikar tunkiyar cikin waƙar ce, wadda na ɗaure da ka tafi."

"Duk shekarun nan, me ya hana ki gaya min?"

"Ka tambaye ni? Karanta min ka yi da Turanci, ka ce in ji yadda na yi kewarka." Ta karkaɗe hannunta a zani. Dariyar ta lafa, ta dube shi sosai. "Na kuwa yi. Je ka yi alwala, tuwo na hucewa."